Bawul ɗin silo a BMW E36 mai turbo: yadda na ɗaure shi ya daina fincikewa

Ranar da abin ya same ni ina kan hanyar Zariya ne, na ɗan wuce Maraban Jos. Hanya ta buɗe, na ce bari in ji abin da kuɗina suka saya. Na sa giya ta uku, na take totur. Allurar gej ɗin matsin iskar turbo ta hau zuwa rabin bar, sai na ji "fuf" daga ƙarƙashin bonet, kamar yaro ya taka ledar ruwa. Ƙarfi ya ɗauke nan take. Abin da ya fi tayar min da hankali shi ne da na ɗage ƙafa na taka kuloci, maimakon inji ya sauko sai ya haye juyi 3,500 ya tsaya can yana ihu. Na gangara gefen titi na kashe makulli, gabana na faɗuwa, ina lissafin kuɗin fiston.

Ashe ba fiston ba ne. Wata 'yar gwiwar filastik ce da ba ta kai tsawon yatsa ba, wadda ke haɗa bawul ɗin silo (mai ba inji iska in ba a taka totur ba) da manifol (mai raba iska zuwa silindoji), ta fita daga raminta tana reto a jikin tiyo.

Motar BMW E36 ce, 325i ƙirar 1994, 'yar Kwatano, da inji M50 mai silinda shida a jere, lita 2.5. Daga kamfani ba ta da turbo, ni na sa mata, na kuma cire kwamfutar injin ta asali, wadda masu gareji ke ce wa birenbos, na sa wadda ake saitawa da laftof. Duk abin da zan faɗa a kan wannan injin na yi shi. Amma mai inji M52, magajin M50, da ya ɗora manifol ɗin M50 saboda faɗin hanyoyin iskarsa, wannan gwiwar ce shi ma zai tarar, kuma mai wata motar daban zai ga cewa dabarar ɗaya ce ko da noti da sifana sun bambanta.

In ka ɗage ƙafa daga totur, faifan da ke cikin maƙogwaron totur yana rufewa kusan ruf. Inji kuwa sai da iska zai ci gaba da juyawa. To bawul ɗin silo ɓarauniyar hanya ce: yana ɗebo iska daga gaban faifan, ya zagaya da ita ta tiyo, ya zuba ta cikin manifol a bayan faifan. Kwamfuta ke buɗe shi ko ta tsuke shi. Da sanyin safiya ta buɗe shi da yawa, in inji ya yi zafi ta rage, in ka kunna AC ta ƙara kaɗan don kada mota ta mutu a danja. A M50 na 325i bawul ɗin Bosch ne mai waya uku, yana kwance ƙarƙashin manifol cikin wani zoben roba mai kauri, inda ido ba ya gani sai dai hannu ya laluba.

Injin da ba shi da turbo, manifol ɗinsa bai san komai ba sai zuƙa. Kowane tiyo da ke jikinsa, inji da kansa ke janyo shi ciki yana ƙara manna shi. Shi ya sa waɗanda suka zana M50, wanda ya fito a 1990, suka wadatu da zoben roba ɗaya da ɗan harshen filastik mai riƙewa. Hakan ya ishi aikin da suka yi shi dominsa. Ni ne na zo na juya wa iska hanya. Bar ɗaya na matsi daidai yake da kusan kilo ɗaya a kan kowane murabba'in santimita. Ramin da faɗinsa ya kai santimita 3 yana da fili kusan murabba'i 7. Ke nan a rabin bar, wato PSI 7, akwai nauyin kilo uku da rabi yana tura gwiwar waje, a bar ɗaya kuma kilo bakwai. Kuma ba turawa ɗaya ba ce: ka take ta tura, ka ɗage ta ja, sau ɗari a tafiya ɗaya, a jikin filastik da ya shekara talatin yana shan zafin inji. Dole wata rana ya saki.

Yadda motar za ta yi in ya saki ya danganta da yadda kwamfutarka ke auna iska. Tawa tana auna matsin cikin manifol ne, don haka da rami ya buɗe a bayan faifai sai ta ga iska ta yi yawa, ta bi ta da mai, inji ya haye kamar na take totur. Mai amfani da eyafulo na asali, wato na'urar auna iskar da ke shiga inji, akasin haka zai gani: iskar da ke shiga ta ramin ba ta bi ta ma'auni ba, mai ya yi kaɗan, mota ta yi ta shessheƙa ta mutu.

A gefen titin nan na mayar da gwiwar da hannu, na ƙone bayan yatsu, na lallaɓa zuwa gida ban ƙara taɓa matsi ba. Washegari na ɗaure ta da igiyar roba mai zarge kai guda biyu, ta yi mako uku ta sake fita. Sai wani ya ba ni shawarar gam mai haɗi biyu. Da na gaya wa dattijon bakaniken da nake zama wurinsa ranar Asabar, sai ya ajiye sifanar hannunsa ya ce, "Ɗana, ranar da bawul ɗin ya ƙi aiki, da guduma za ka cire shi?" Na ce, "A'a, Baba." Ya ce to in nemo abin da aka yi don aikin. Gaskiyarsa. Gam a nan gyaran gangar auzinawa ne, domin in ya tsage, ɓarɓashinsa cikin silinda zai faɗa.

Abin da aka yi don aikin shi ne adaftan alminiyam, wanda ke zama a gurbin gwiwar filastik ɗin. Iri biyu na gani. Akwai wanda ake zura shi ta waje a ɗaure da noti ta cikin manifol, akwai kuma mai ɗan ƙarfen da ke danne shi daga waje. Nawa mai noti ne. Oda na yi daga waje, ya ɗau makonni kafin ya iso. Mai haƙuri zai iya kai tsohuwar gwiwar kasuwar Panteka ta Kaduna a sassaƙa masa irinta a injin juyi, sai dai ya tsaya a kan mai aikin wajen kwarmin da zoben roba zai zauna. In kwarmin ya yi zurfi zoben ba zai matse ba, in bai kai ba zoben zai yage wajen shiga. A nan araha ba ta ado.

Ban da adaftan, ka tanadi tiyon silikon mai zare a cikinsa, kilif-kilif na ƙarfe masu sukuru, sababbin robobin bakin manifol da na maƙogwaron totur, ruwan wanke kafireta na gwangwani, man kulle zare mai launin shuɗi, da tsummoki masu tsabta guda shida. Faɗin tiyon kusan inci ɗaya ne, amma kada ka saya da ka. Auna wuyan bawul da wuyan adaftan kowanne daban, don nawa ba su zo daidai ba, sai da na nemi tiyo mai baki biyu, ɗaya ya fi ɗaya faɗi. Soket 10, 11 da 13, doguwar sanda, filaya, tocila, da maganaɗisu mai dogon hannu. Wannan na ƙarshen kada ka fara aiki babu shi.

Akwai masu yin aikin ba tare da sauke manifol ba, su cire maƙogwaron totur kawai su zura hannu ta ƙasa. Yana yiwuwa. Amma karo na farko ina ganin ka sauke shi, domin ba gwiwar nan kaɗai ce ke jiran ranar fita ba, kuma gara ka gan su duka da idonka sau ɗaya.

Fara da inji mai sanyi. Ciro fis ɗin famfon mai, ka tayar da mota ka bar ta ta mutu da kanta, don layin mai na 325i yana riƙe bar 3.5, kuma in ka buɗe shi a cike fuskarka zai wanke. Sannan ka je but ka cire kan batir na baƙar waya, domin a wannan motar batir yana baya ne, gefen dama. Wannan ba ladabi ba ne kawai. Babbar wayar wuta ta kik tana nan ƙarƙashin manifol, daidai inda sifanarka za ta riƙa yawo, ga kuma fetur na ɗiga.

Kafin ka zare komai, ɗauki hoto da waya ta kowace kusurwa, ka naɗa wa kowane ƙaramin tiyo salatif ka rubuta inda ya fito. Cire bututun da ke kawo iska daga intakula, wato mai sanyaya iskar turbo, cire soket ɗin totur, kwance kusoshi huɗun da ke riƙe maƙogwaron ka karkatar da shi gefe. Ƙananan tiyon ruwan lagireto guda biyu da ke jikinsa ba sai ka cire su ba. Sai layin nozul masu fesa mai, tiyon birki mai kauri, soket ɗin na'urar auna zafin iska da ke ƙasan manifol, ƙarafa biyun da ke tallafe shi daga ƙasa da soket 13, sannan notoci bakwai na jikin kan inji da soket 11. Na can baya kusa da bangon gaban direba shi ne mai wahala. Riƙe maganaɗisu kusa da shi lokacin da zai fita. Da manifol ya ɗaga, abu na farko, kafin ma ka ajiye shi, cusa tsumma a kowace ƙofa shida na kan inji. Ƙirga notocin a tafin hannunka. In shida ka gani, kada ka yi komai sai ka nemo na bakwai.

Da ka kifa manifol a kan benci za ka ga gwiwar da raminta, dab da bakin totur. Danna harshen ka ja, in bai riga ya karye ba. Goge ramin da tsumma da ruwan wanki har sai yatsa ya daina ɗauko baƙi, sannan ka haska tocila ka duba gefen ramin da kyau. Manifol ɗin filastik ne, kuma idan an sha ɓamɓare gwiwar da sukudireba a baya, za ka ga ƙarzuwa ko siririyar tsaga. Ƙarzuwa mara zurfi sanfefa mai laushi tana gyara ta. Tsaga kuwa sai dai wani manifol, babu adaftan da zai toshe ta.

Sa adaftan shi ne mafi sauƙin aikin duka. Shafa wa zoben roba ɗan giris na silikon ko ruwan sabulu, ka tura shi a miƙe kana ɗan murzawa har ya zauna. Kada ka ɗaure tukuna. Ɗora bawul a mazauninsa, gwada tiyo, juya bakin adaftan har ya kalli bawul ba tare da tiyo ya lanƙwashe ba, sannan ka yi alama da maka. Yanzu ɗiga man kulle zare, zura hannu ta bakin totur, ɗaura notin da yatsu har ya tsaya, sannan ka ƙara masa kaɗan da sifana. Kaɗan nake nufi. Zoben roba ne ke toshe iska, noti riƙewa kawai yake yi, kuma filastik kake matsewa tsakanin ƙarfe biyu. Man kulle zaren kuma a kan zaren kaɗai, kada ya taɓa filastik, don yana iya cinye wasu irinsa. Dalilin sa shi a bayyane yake: notin nan yana cikin hanyar iska, in ya kwance, hanyarsa ɗaya ce.

Tun da bawul yana hannunka, duba lafiyarsa. Girgiza shi kana juyawa, ya kamata ka ji abin cikin yana kaɗawa ba tare da maƙalewa ba. Nawa shiru ya yi, ƙurar hunturu da tururin baƙin mai sun haɗu sun zama kamar kwalta. Na fesa ruwan wanki ta baki biyun, soket yana sama don kada ruwan ya gangara cikin wayoyin, na maimaita har ruwan ya fito fari. Sa mita a kan ƙafafunsa uku: daga ta tsakiya zuwa kowace ta gefe wajen om 20, tsakanin na gefe biyun wajen 40. In gefe ɗaya bai nuna komai ba, bawul ya mutu, wanki ba zai tashe shi ba. A jikinsa akwai kibiya. Tsininta manifol yake kallo.

A jikin tsohuwar gwiwar akwai wani ɗan ƙaramin nono, wanda a tawa siririn tiyo daga numfashin murfin inji ke shiga. Da can zuƙar manifol ce ke janye tururin cikin inji ta nan. Da turbo, hanyar ta zama mai kai matsi cikin inji, kuma matsi a can yana neman hanyar fita ta kowane oyilsil da ya tsufa. Na daɗe ina zargin fakin murfi da yoyon baƙin mai, ashe ni nake hura injin kamar balan-balan. Adaftana ya zo da ramin zare a wurin, na toshe shi da kusa, na kai numfashin murfin zuwa gwangwanin tara mai, daga nan zuwa bakin turbo ta wajen shigar iska. In kana so ka bar nonon don gej ko wani abu, babu laifi, amma kada numfashin inji ya koma can sai da bawul mai hanya ɗaya a tsakani.

Haka za ka bi sauran da wannan tambayar: in iska ta juyo ta nan, ina za ta je? Tiyon na'urar daidaita matsin mai dole ya ga matsi, don haka a bar shi amma a ɗaure bakinsa biyu, domin in ya fita a cikin matsi mai zai ragu daidai lokacin da inji ya fi buƙatarsa, kuma a nan ake narka fiston da gaske. Tiyon da ke zuƙo tururin tanki a sa masa mai hanya ɗaya. Na birki yana da nasa tun daga kamfani, amma hura shi da baki ta gefe biyu ka tabbatar har yanzu yana aiki.

Yanzu ga inda na fi ganin mutane suna ɓata aikin bayan sun sayi adafta mai kyau: ina bawul ɗin zai ɗebo iskarsa? A motar asali tiyon shigarsa yana fitowa daga babbar robar da ke tsakanin eyafulo da totur. Da aka sa turbo an jefar da robar nan, an sa bututun alminiyam a wurinta, kuma sau da yawa bututun ba shi da wurin haɗa tiyon. Sai ka ga an sa wa bakin bawul ɗan ƙaramin matacin iska an bar shi yana shaƙa daga sarari. A silo motar za ta yi lafiya ƙalau, mai gareji ya karɓi kuɗinsa. Amma da matsi ya taso, cikin manifol ya fi waje ƙarfi, bawul ɗin kuwa ba ya rufewa ruf, sai iskar da turbo ya wahala ya tara ta riƙa tsiyaya ta baya. Turbo ya ƙara gudu don cike giɓi, iska ta ƙara zafi, kai kuma kana mamakin me ya sa matsi ke jinkirin zuwa. Mai eyafulo nasa ya fi muni, domin a silo iskar ba a auna ta ba, a matsi kuma wadda aka auna ta gudu, mai ya yi yawa, salansa ya yi baƙin hayaƙi.

Wurin da ya dace ɗaya ne: bututun da ke tsakanin intakula da totur. A nan, in faifai ya buɗe, matsin gaban bawul da na bayansa kusan ɗaya ne, babu abin da zai tsere, kuma ko ya wuce ta bawul ɗin cikin inji zai shiga. Na kai bututuna wurin mai waldar alminiyam, ya huda shi kamar taƙi ɗaya kafin totur, ta gefen ƙasa, ya liƙa ɗan guntun bututu. Na roƙe shi ya zagaya bakin guntun da ɗigon walda ya yi masa leɓe, don kilif ya samu abin da zai tsaya a bayansa. Bututu sumul ba ya riƙe tiyo a matsi, ko ka ɗaure har sukurun ya zame. Da ka karɓo, wanke cikinsa da ruwa da sabulu, ka goge, ka sake dubawa. Ɓarɓashin huda yana maƙalewa a inda ba ka zata ba.

Tiyon da ke tsakanin bawul da adafta shi ne mai shan wuya biyu, zuƙa a silo, turawa a matsi. In ya yi laushi zai shafe kamar tsinken shan lemo, silo ya riƙa hawa da sauka ba ka san dalili ba. Sa mai kauri, kuma gajere gwargwadon iko. Wuyan da tiyo zai hau ya zama busasshe, babu giris babu mai. Kowane baki da kilif ɗinsa, a bayan leɓe, kuma ka juya kan sukurun ya kalli inda sukudireba za ta iya kai masa bayan manifol ya koma. Wannan na koya ne bayan na sake sauke shi saboda kilif ɗaya da ya juya min baya. Bawul ɗin ka bar shi cikin zoben robarsa na asali, kada ka bar shi yana rataye a jikin tiyo.

Mayarwa ba ta da wani sirri. Sababbin robobi, ciro tsummoki shida ka ƙirga su, ɗora manifol, notoci bakwai daga tsakiya zuwa gefe, ƙarfin ɗauri Nm 15. Ƙarafan tallafin ƙasa kada ka ce ba su da amfani, su ke hana nauyin manifol karya kansa a kan ramukan hanyoyinmu.

Kada ka tayar da mota tukuna. A silo zuƙa tana ɓoye yoyo, domin tana janyo komai ya manne, kuma kunne ba ya jin komai a kan ƙarar inji. Na samu murfin bututun ruwa na filastik wanda ya yi daidai da bakin turbo, na huda shi na sa bawul ɗin tayar mota, na ɗaure shi da tiyo da kilif a wurin matacin iska. Buɗe murfin zuba baƙin mai ka ajiye gefe don kada matsi ya taru cikin inji. Sai ka samu kwampiresa mai abin rage ƙarfi, ko na mai faci in zai yi haƙuri ya riƙa ba ka kaɗan-kaɗan kana kallon gej ɗin mota. Fara da PSI 5, ka hau zuwa abin da kake tuƙi da shi, kada ka wuce sosai, kuma kada kowa ya tsaya saitin murfin, in ya fita harsashi ne. Fesa ruwan Omo a kan adaftan, bakunan tiyo huɗu, waldar, da duk abin da ka taɓa. Allura za ta riƙa sauka a hankali ko babu yoyo, don wasu bawulolin inji a buɗe suke, wannan ba komai. Kumfa kake nema. Adaftana bai yi ko ɗaya ba. Waldar ce ta yi, wani ɗan rami kamar na allura, na mayar aka ɗiga masa.

Mai kwamfutar asali aikinsa ya kusa ƙarewa, soket zai mayar kawai. Mai irin tawa sai ya duba waya. Ƙafar tsakiya wuta ce, volt 12 bayan makulli. Na gefe biyun kwamfuta ke taɓa su da ƙasa, wato ɓangaren baƙar wayar batir, bi da bi cikin sauri, ɗaya na jan bawul ya buɗe, ɗaya na ja ya rufe, inda suka yi canjaras a nan yake tsayawa. In kwamfutarka tana da mafita biyu don wannan, ba kowace ƙafa tata, ka zaɓi tsarin waya uku a manhajar, saurin bugun wajen 100 a daƙiƙa. In mafita ɗaya ce, ana haɗa ƙafar rufewa da ƙasa ta cikin rezisto mai wajen om 40, wat 50, a ɗaure shi jikin ƙarfe don yana zafi. Na gwada hakan na ɗan lokaci, yana aiki, amma mafita biyu ta fi ba ni silo mai natsuwa.

Juya makulli ba tare da tayarwa ba. A Kaduna, saboda tudun ƙasar, kwamfutata tana nuna matsin iska kPa 94 ko kusa da haka. Sake saita na'urar totur tun da ka motsa maƙogwaron. Tayar da mota, bar ta ta yi zafi har ruwa ya kai digiri 85, duk fitilu da AC a kashe. A silo mai lafiya nawa yana zama wajen kPa 35. Kashe tsarin da kwamfuta ke gyara silo da kanta, ka riƙa ƙara kason buɗewa da hannu. In ka ƙara kason amma juyi ya sauka, wayoyin gefe sun juya, musanya su. In ka rage har ƙasa amma juyi ya ƙi saukowa ƙasa da 1,000, ba saiti ba ne matsalar, iska na shiga ta wani wuri, ko kuma wani ya taɓa murɗa kusar tsayar da faifan totur a baya don ya ɓoye mataccen bawul. Ana yawan yi.

Nemo kason da ke ba ka juyin da kake so a zafi, ka rubuta. Na asali wajen 700 ne, ni na tsaya a 850 saboda manyan nozul ba sa son ɗigo ƙanƙani. Na sanyi ba a yin sa da rana tsaka, sai ka bar mota ta kwana, ka fito da laftof bayan asuba ka bi ta tana ɗumama, kana gyara kowane mataki. Na ɗau safiya uku, kuma da hunturu ya shigo sai da na ƙara na matakin farko. Sai wannan saitin na hannu ya yi daidai sannan ka kunna gyaran kai-da-kai, in ba haka ba zai yi ta farautar juyi, sama da ƙasa. Daga nan gwada nauyi ɗaya-ɗaya: fitilu, fanka, AC, sitiyari har ƙarshe. Kowanne ya kamata juyi ya ɗan nutse ya dawo.

Abu ɗaya da bai shafi adaftan ba amma ana ɗora masa: motar da ke mutuwa in ka ɗage ƙafa bayan matsi. In kana da eyafulo a gaban turbo, kuma bawul ɗin sakin iska yana fesarwa waje don a ji ƙarar nan da samari ke so, iskar da aka riga aka auna ce ke fita, man da aka zuba dominta ya shaƙe inji. Mayar da iskar bakin turbo. A irin tawa kuwa, ƙara wa bawul ɗin silo kashi biyu ko uku na ɗan lokaci bayan an saki totur ya wadatar.

Bayan tafiya biyu ko uku, inji ya yi zafi ya huce, koma kan kilif-kilif ɗin da sukudireba, domin silikon yana ɗan kwantawa. A nawa, na bakin adaftan ya karɓi rabin murɗi, na wajen waldar ya karɓi kwata, sauran biyun ba su motsa ba. Na sake hura iska na fesa Omo a karo na biyu, sannan na ɗaga matsi zuwa bar 0.7 na koma hanyar Zariya.